Sito ɗaya, littafi biyu: tarihin rikicin saka manhaja

1/ Jama'a, tun 2015 JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta zalla. Duk ɗan Mafara, Bakura ko Maradun da ya zana ta ya san ɗakin nan mai kwamfutoci jere-jere. Yau zan ba ku tarihin abin da ke hana masu kula da irin waɗannan ɗakuna barci. 🧵

2/ Kowane tsarin saka manhaja yana da littafinsa, kamar mai kula da sito: me ya shigo, ina aka ajiye shi, me ya dogara da shi.

3/ Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, aka samar da dpkg a 1994. Red Hat kuma ta fito da RPM, aikin Erik Troan da Marc Ewing. Kowanne da littafinsa, ba ya leƙa na ɗan'uwansa.

4/ A 1998 APT ya zo, yana jawo manhaja tare da duk abin da take buƙata. Daga baya pip na Python, Snap da Flatpak suka shigo, kowa da nasa rijistar.

5/ Ga inda matsalar take: pip zai iya taka fayil ɗin da APT ya ajiye, APT bai sani ba. Ran sabuntawa sai abu ya tsaya cak. In kwamfuta ɗaya ce, da sauƙi. In ɗari ce, kowace da irin ciwonta.

6/ A 2020 Linux Mint ta toshe Snap, saboda a Ubuntu in ka nemi Chromium ta APT, Snap ake jawo maka.

7/ A 2023 Debian 12 ta hana pip taɓa Python ɗin tsarin kai tsaye. Sai ka ware masa nasa ɗaki.

8/ Mu a Zamfara mun ga wani salon. Da aka katse layukan waya a Satumban 2021, filashi ya zama intanet ɗinmu. Manhajar da aka kwafo da filashi kuwa sau da yawa ba ta cikin littafin kowa.

9/ Ra'ayina: in an damƙa maka ɗakin kwamfuta, zaɓi tsari ɗaya ya zama mai gida. In dole ta sa ka kawo na biyu, ka killace shi, ka rubuta abin da ya saka a kowace na'ura. Wanda zai gaje ka zai yi maka addu'a, wallahi.