Daga Majigi Zuwa Wapa: Sinimar da Ta Ɓace Ta Bar Suna

Ka tsayar da matashin da ya zo canjin kuɗi a Wapa, cikin Fagge, ka tambaye shi inda sunan wurin ya samo asali. Da wuya ya ba ka amsa. Asalinsa sunan kamfanin jigilar alhazai ne, amma da shi aka san gidan sinimar da aka yi a wurin. Kallo ya mutu, suna ya rage a bakin 'yan canji da masu Adaidaita Sahu.

Mu a kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru har Burumburum da Doguwa, sinimarmu ta farko ba gini ba ce, mota ce. Majigi ake ce mata. Gwamnati ce ke turo ta da injin wuta da farin ƙyalle da lasifika, a kafa a fili bayan sallar isha'i, wani ma'aikaci yana ta bayani da Hausa. Kyauta ne, kowa ya zo da tabarmarsa. Turawan mulkin mallaka suka ƙirƙiro tsarin don koyar da tsafta da noma, suka kafa masa hukuma a 1939, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta gaje shi. Ta nan dattawa da yawa suka san Baban Larai, fim ɗin da aka yi don ƙarfafa noman auduga. Wasu ma a jikin ƙyallen nan suka fara ganin Sardauna yana motsi.

Birni kuwa harka ce ta kuɗi. 'Yan kasuwa Kwarori suka buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa, domin a lokacin ba mai tunanin kai "dodon bango" cikin gari. Galibin gidajen ba su da cikakken rufi, shi ya sa sai duhu ya yi ake sa fim. A nan muka yi kama da Amurka, inda aka buɗe sinimar da ake kallo daga cikin mota a jihar New Jersey a 1933, har irinta suka haura 4,000 a ƙarshen shekarun 1950. Su suna cikin mota, mu muna kan benci, amma sama ce rufin kowa.

Ranar 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a sinimar El-Duniya. Mutum 331 suka rasu. Faifan fim na wancan zamani abu ne mai saurin kama wuta kamar fetur, amma a gari fassarar da ta fi yaɗuwa ita ce fushin Allah ne. Duk da haka ba a daɗe ba aka buɗe Palace a Jakara, daf da Kasuwar Kurmi, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Malamai suka yi tir, yara suka riƙa jifan masu shiga. Daga nan ne ɗan sinima ya zama kusan ɗaya da ɗan iska a idon iyaye, kuma a ganina wannan tabon ne ya sa har yau ba wanda ke jin nauyin adana tarihin wuraren. Wa zai tashi ya kare abin da aka taɓa yi masa bulala a kansa?

Amma a Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba ne Bahaushe ya saba da fim ɗin Indiya, har ya haddace waƙoƙin da bai san ma'anarsu ba. Wanda bai san wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa fim ɗin Hausa, wanda ya soma da Turmin Danya a 1990, ya rungumi rawa da waƙa daga baya ba. Kaset ɗin bidiyo ya mayar da kallo cikin ɗaki, aka rufe gidajen sinima a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da shari'a, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Kasuwar ba ta sake komawa yadda take ba. Tsohuwar gardamar ma ba ta kwanta ba, don a 2016 aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun nuna adawa.

Adana tarihi ba yana nufin a sake buɗe ƙofar sayar da tikiti ba. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an ɗauka ya salwanta, sai aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da Jamusawa, aka nuna a Berlin a 2018. Faifai yana jira a cikin gwangwani, mutum kuwa ba ya jira. Masu sarrafa injin da masu yanka tikiti da masu fentin allon talla sun tsufa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa za su iya ware ɗaki ɗaya na tsofaffin injina da hotuna, a kuma manna ƙaramin allo a inda El-Duniya ta tsaya. Na majigi kuwa ba gini ba ne balle a ɗauki hotonsa. Yana bakin tsofaffin da ke zama a gindin bishiya a Burumburum da Tudun Wada, kuma wayar da kake karanta wannan da ita tana ɗaukar murya.