Gangar Noma da Na'urar Nukiliya ta Zariya

'Yan uwa marubuta, mu da muka taso a ƙauyukan Dambatta da Bichi, inda gona ke jingine da gona, ba a aji muka san kiɗan taro ba. Makarantarsa gidan makaɗi ce. Yaro kan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, sai an ga kunnensa ya nuna kafin a miƙa masa kanzagi. Jarrabawa kuwa ranar gayya ce: in ganga ɗaya ta saɓa, garemani ma sai su saɓa.

Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. A Arewa abin da muka fi tunawa shi ne digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata a 1988, wato an karrama gwani, ba a ɗauko hanyar da ta haife shi ba.

Jami'ar nan ce dai ta kunna na'urar nukiliya ta farko a Najeriya a 2004, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30 kacal. Kada a zata wutar lantarki take bayarwa. Horar da ɗalibai ake yi da ita, ana kuma auna sinadaran ƙasa da ma'adinai. A 2018 aka sauya mata makamashi, tsohon ya koma Sin.

Duk wannan a rubuce yake, har da ranaku. Wanda ya koya wa wane kiɗa a Makoɗa ko Kunci kuwa, yana bakin dattawa, ga shi gayyar kanta tana ja da baya.