Caffè Lena: Yadda Aka Tsinto Tarihin Wani Gidan Gahawa

A garin Saratoga Springs da ke jihar New York ta Amurka, akwai wani tsohon bene mai lamba 47 a kan titin Phila. A samansa ne Lena Spencer da mijinta Bill suka buɗe gidan shan gahawa a watan Mayun 1960, suka raɗa masa suna Caffè Lena. Burinsu bai wuce su tara 'yan kuɗi su tafi Turai ba. Ba a daɗe ba Bill ya kama gabansa, ita kuwa ta ce tana nan daram.

Zamanin ya zo mata daidai, domin a lokacin ne matasan Amurka suka koma wa waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu, irin wanda mutum ɗaya zai rungumi jita ya rera labarin ma'aikata, manoma da matafiya. A wancan lokaci ba a sayar da giya a wurin, kuma sauraro ne ke kawo mutane. Bob Dylan ya yi wasa a ɗakin a 1961, tun kafin faifansa na farko ya fito. Tsofaffin mawaƙan baƙar fata irin su Mississippi John Hurt da Skip James sun hau wannan dandamali, haka ma Bernice Johnson Reagon ta gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, da Don McLean. Lena takan ciyar da mawaƙi, ta ba shi masauki, ko da aljihunta babu nauyi. Haka ta riƙe wurin shekara 29, har Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoban 1989 bayan ta faɗo daga matakalar benen.

Masoya wurin suka hana a rufe shi, suka mayar da shi ƙungiyar da ba ta neman riba. Ƙofa dai ta ci gaba da buɗewa, amma tarihin ya watse a hannun jama'a. Wani yana da kaset a ƙarƙashin gado, wata tana da takardar talla a tsohon akwati, dubban hotunan da Joe Alper ya ɗauka kafin rasuwarsa a 1968 suna ajiye a wurin iyalinsa. Shi kuwa zaren kaset ba ya jiran kowa, zafi da laima na cin sa a hankali, masu shi ma tsufa na cin su.

Wadda ta ɗauki wannan kaya ba hukuma ba ce, kuma a ganina nan ne daɗin labarin yake. Wata ɗaliba ce a kwalejin Skidmore da ke garin, Jocelyn Arem, wadda waƙa ta fara kai ta wurin. A 2002 ta shiga bin sawu: ta yi hira da mawaƙa da tsofaffin ma'aikata, wannan ya tura ta wurin wancan, har aka tattaro sauti na kimanin sa'o'i 700. Ƙwararru suka gyara tsofaffin zarurrukan, suka juye su a kwamfuta. Aikin ya ci shekara 11. A 2013 aka fitar da littafi mai ɗauke da hotuna da hirarraki, tare da fayafayai 3 masu waƙoƙi 47 da aka ɗauka tsakanin 1967 da 2013. Mai neman muryar Dylan ba zai same ta a cikinsu ba, tunda zuwansa ya girmi waɗannan shekaru. Hotunan Alper ne shaidar cewa ya taka wurin. Kayan tarihin kuma an damƙa su ga sashen adana al'adun gargajiya na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington.

Saura ginin kansa, wanda tsufa ya riga ya lanƙwasa. A 2016 aka yi masa gyara na kusan dala miliyan 2, wani ɓangare na kuɗin daga sayar da filin ajiye motocinsa. Yanzu ɗakin na ɗaukar mutum 110, kuma an sa na'urar hawa bene, ta yadda tsoho da mai keken guragu ba sai sun bi matakala ba.