Daga raƙumi zuwa Hilux: tarihin ciwon tsakiyar baya a Agadas

Yanzu da wuya ka buɗe Facebook ko TikTok ba ka ga an kwantar da mutum rub da ciki, an danna mishi baya ya yi ƙas ƙas ba. Har wasu samari sun fara yi ma junansu a fada. Kafin abin ya yi nisa, mu duba inda ya samo asali.

Ciwon nan da ke tsayawa tsakanin kafaɗu tsoho ne a Abzin. Ayarin gishiri da ke tashi bayan damina zuwa Fashi da Bilma yana ratsa Tenere, kusan kilomita 600, madugu da mutanensa suna ta loda kantu suna saukewa. A cikin gari, maƙerin azurfa yana wuni duƙe kan aikinsa, haka baduku, haka mace mai daka. Magani kuwa na hannun mutum uku: wanzami ya kafa ƙaho, tsohuwa ta yi tausa da man shanu, maɗori ya ji da karaya da targaɗe.

Sannan aiki ya sake. A 1971 aka fara fitar da uraniyum a Arlit, kamiyo ya fara karɓe hanya daga raƙumi. A 2014 zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakatan, samari suka shiga rami a duƙe. Direban Hilux mai zuwa Dirku yana kwana biyu ko uku riƙe da sitiyari, ɗan kabu-kabu yana wuni bisa moto, ɗan lakkwal kansa sunkuye kan salula. Tsakiyar baya gaɓoɓi 12 ne da haƙarƙari ke manne da su. In aka daɗe a sunkuye, naman wurin yana gajiya ya ɗaure, gaɓoɓin su yi tauri.

Dannawar da muke gani a bidiyo kuwa sunanta kiropraksi, kuma daga Amurka ta fito. A watan Satumba 1895, a garin Davenport na jihar Iowa, wani mai suna Daniel David Palmer ya danna bayan Harvey Lillard, mai sharar ginin da yake aiki, ya ce kunnensa da ya toshe ya buɗe. Palmer ba likita ba ne. Ya yi da'awar cewa yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, ya buɗe makaranta a 1897, a 1906 aka ɗaure shi don yin aikin likita ba takarda. Kimiyya ba ta gaskata waccan da'awa ba, amma sana'ar ta rayu, ta zama mai dogon karatu. Faransa ta amince da ita da dokar 4 ga Maris 2002, hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta fidda ƙa'idojin koyar da ita a 2005.

To mi take yi? Tana iya sassauta ciwo na ɗan lokaci, in na gajiyar nama da taurin gaɓa ne. Ƙarar nan ta ƙas, iska ce cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ba ne ya koma wurinsa. Kuma in ka koma irin zamanka na jiya, ciwon zai dawo. Shi ya sa a gidan likita ake tura mutum wajen kine, a koya mishi motsa jiki da gyaran zama.

Ga inda haɗarin yake. Tun 1779 wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana cutar da likitocinmu ke ce ma mal de Pott: tarin fuka da ke cin ƙashin baya, kuma sau da yawa tsakiyar baya yake kamawa. Farkonsa kamar ciwon gajiya ne. In aka danne ƙashin da ya riga ya ci, yana iya rushewa ya taɓa laka, mutum ya yi doro ko ƙafafu su mutu. Alhali yana da magani na wata 6 zuwa sama in an gano shi da wuri.

Saboda haka in ciwo ya wuce sati biyu ko uku, yana tada ka da dare, ko akwai zazzaɓi, rama, zufar dare, ko ƙafa na mutuwa, ka tafi CHR ko likitar unguwarku a duba ka, a yi radiyo kafin kowa ya taɓa ka. Haka wanda ya faɗo daga moto, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni. Maɗorin kirki ma yakan shafa ya ce wannan ba nawa ba ne.

Direbobi, ku riƙa tsayawa kuna miƙewa. Samarin fada, don Allah ku bar taka bayan juna. Allah ya ba mu lahiya, ya ba marasa lahiyarmu sauƙi.