Yadda ɗaliban sakandare ke yin sitaj a wuraren gini a Amurka

A Amurka, ɗalibin da ke ajujuwan ƙarshe na sakandare yana iya raba yininsa biyu: da safe yana aji, da rana yana wurin gini da hular kwano a kansa. Wannan sitaj wani ɓangare ne na tsarin koyar da sana'o'i da fasaha da ake kira CTE a taƙaice. Sakandaren can shekara huɗu ce, daga wajen shekara 14 zuwa 18, wato kusan daga ajin ƙarshe na kwaleji zuwa ƙarshen lise. Fannin gini ya ƙunshi kafinta, ɗora bulo, zuba kankare, haɗa wutar lantarki, aikin famfo, walda da girka na'urorin sanyaya ɗaki.

Asalin tsarin

Gwamnatin tarayya ta fara zuba kuɗi a koyar da sana'a a sakandare a 1917, da dokar Smith-Hughes. A 1984 aka kafa dokar da ke ɗauke da sunan Carl Perkins, ɗan majalisa daga jihar Kentucky, wadda aka sabunta sau da dama. An daɗe ana sukar tsohon tsarin da cewa ƴaƴan talakawa da baƙar fata ake turawa can, a rufe musu hanyar jami'a. Shi ya sa sabuntawar 2006 ta sauya wa tsarin suna, ta kuma nemi a haɗa sana'a da karatun gama-gari, ta yadda mai koyon kafinta ba zai rasa damar ci gaba da karatu ba.

Sabuntawa ta baya-bayan nan ita ce ta 2018. Ta ba jihohi damar auna ingancin makarantunsu da yawan ɗaliban da suka koyi aiki a ainihin wurin aiki. Kuɗin tarayya ya haura dala miliyar ɗaya a shekara, amma jihohi da ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Don haka tsarin ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Kafin a taka wurin gini

Ɗalibi yakan shafe shekara ɗaya ko biyu a ɗakin koyon aiki na makaranta. Yana koyon awo, karanta zanen gini, riƙe kayan aiki da lissafin da sana'ar ke buƙata. Makarantu da yawa suna bin manhajar NCCER, cibiyar da kamfanonin gini suka kafa a 1996, wadda ke ba da shaidar da ake amincewa da ita a jihohi daban-daban.

Akwai kuma horon awa 10 na OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata da aka kafa da dokar 1970. Horon yana mai da hankali kan abubuwa huɗu da suka fi kashe ma'aikatan gini: faɗowa daga sama, buguwa da wani abu mai nauyi, kamun wutar lantarki, da maƙalewa a cikin inji ko ƙarƙashin ƙasar da ta rufta. Kimanin mutum dubu ɗaya ke mutuwa a wuraren gini a Amurka kowace shekara, kuma faɗowa ce kan gaba. Ƙa'ida ita ce duk wanda ke aiki a tsayin da ya kai mita 1,8 sai an yi masa kariya daga faɗowa.

Abin da doka ta hana

Dokar ƙwadago ta 1938 ita ce ta shata iyaka. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a ɗaukarsa aikin gini. Mai shekara 16 ko 17 yana iya aiki, amma akwai jerin ayyuka 17 masu haɗari da aka haramta masa har sai ya cika 18. Daga cikinsu akwai aikin rufi, shiga ramin da zurfinsa ya wuce mita 1,2, rusa gini, amfani da zarto mai aiki da lantarki, da sarrafa injin ɗaga kaya.

Da an tsaya nan, da ɗalibin kafinta ba zai taɓa zarton inji a wurin aiki ba. Sai doka ta bar ƴar ƙofa ga ɗalibin da ke cikin shirin da hukumar ilimi ta amince da shi. Yana iya yin wasu daga cikin waɗannan ayyuka, kamar rufi da yankan katako da inji, bisa sharuɗɗa:

Aikin mai haɗari ya zama ɓangare ne na koyo kawai.
A yi shi jefi-jefi, na ɗan gajeren lokaci, a gaban ƙwararren ma'aikaci da ke sa ido a kusa.
Makaranta ta koyar da matakan kariya, kamfani kuma ya haɗa su da aikin yau da kullum.
A tsara jerin ayyukan da ɗalibin zai bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Dole a rubuta wannan yarjejeniya, mai kamfani da wakilin makaranta su sa hannu, kowa ya ajiye kwafi. Rusa gini da sarrafa injin ɗaga kaya ba su cikin wannan rangwame. Jihohi suna da ikon ƙara tsauri a kan haka.

Batun albashi

Wasu sitaj ɗin ana biya, wasu kuma maki kawai ɗalibi ke samu a makaranta. Ma'aunin da ma'aikatar ƙwadago ke amfani da shi shi ne: wa ya fi cin moriyar aikin? Idan kamfani ne, to ɗalibin ma'aikaci ne kuma dole a biya shi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7,25 ne a awa tun 2009, kuma jihohi da yawa sun sa nasu sama da haka.

Jihar Wisconsin na cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan fanni. Tun 1991 take da shirin da ɗaliban shekaru biyu na ƙarshe ke yin aƙalla awa 450 na aiki mai albashi a shekara, tare da darussan da suka dace da sana'ar.

Bayan kammala sakandare

Sitaj ba ya mai da ɗalibi ƙwararre. Babban amfaninsa shi ne buɗe hanyar shiga koyon sana'a mai rajista, tsarin da dokar 1937 ta kafa. A nan mai koyo yakan yi kimanin awa 2.000 na aiki da awa 144 na aji a shekara, albashinsa na ƙaruwa yayin da hannunsa ke faɗawa. Mai haɗa wutar lantarki yakan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar. Kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ne ke gudanar da irin waɗannan shirye-shirye, wasunsu kuma suna ƙirga awoyin da aka yi tun a sakandare.

Matsalolin da ake fuskanta

Kamfanonin gini suna kukan ƙarancin ma'aikata, ganin tsofaffin ƙwararru na yin ritaya. Duk da haka da yawa suna ɗari-ɗari da ɗaukar wanda bai kai 18 ba, saboda tsadar inshora da tsoron shari'a idan hatsari ya auku. A karkara, nisa da rashin abin hawa suna hana ɗalibai zuwa wurin aiki. Makarantu ma suna wahalar samun malamai, domin ƙwararren mai aikin famfo ko lantarki yakan fi samun kuɗi a sana'arsa fiye da koyarwa. Mata kuwa har yanzu ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu aikin hannu a wuraren gini ba.