Iskar Dariya da Likitan Haƙorin da Aka Yi wa Ihu

A daren 10 ga Disamba, 1844, a garin Hartford na Amurka, wani likitan haƙori mai suna Horace Wells ya halarci wasan da ake shaƙa wa mutane iskar dariya don nishaɗi. Ya lura wani da ya shaƙa ya buge ƙafarsa amma bai ji zafi ba. Washegari Wells ya shaƙi iskar, abokin aikinsa John Riggs ya cire masa haƙori ba tare da raɗaɗi ba.

A farkon 1845 ya gwada ta a gaban ɗaliban likitanci a Boston. Majinyacin ya yi ƙara, ɗaliban suka yi wa Wells ihu. A Oktoban 1846 tsohon abokin sana'arsa, William Morton, ya yi nasara da sinadarin eta, yabo ya koma kansa. Wells ya kashe kansa a kurkukun New York a 1848.

Iskar ba ta da ƙarfin gusar da hankali sosai. A yau likitocin haƙori kan gauraya ta da oksijin don kwantar da tsoron majinyaci, allura kuma ta kashe zafin.