Dājī̀

dājī̀ *sn., nj.; jm.* dāzuzzukā̀.

1. Fili mai itatuwa da ciyawa, nesa da gari. *Mis.* Makiyaya sun kwana a ~.

2. *likit.* (jm. babu) Ciwon da ƙwayoyin jiki ke hayayyafa ba birki, su ci naman da ke kusa, su bazu ta jini, sankara. *Mis.* ~ ya ci mata hanta.

~n nōnṑ Wanda ya fi kama mata a Nijeriya. Alamu: ƙullutu marar zafi, lotsewar kan nono, jini daga kan nono, kumburin hammata. *Mis.* An kai Inna gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

~ mài saurin yàɗuwā Nau'in ~n nono da ba ya jin maganin hormon. Ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Cikin masu rura shi akwai RNA marar ƙera furotin, wanda aikinsa kunna ƙwayoyin gado ko kashe su:
(a) dogo, irin su HOTAIR: yana rufe ƙwayoyin gadon da ke tsare ƙari wuri ɗaya; a 2010 aka nuna yawansa na tafiya da bazuwar ~n nono;
(b) gajere, irin su miR-21, mai danne PTEN (ƙwayar gado mai hana ƙari girma), da miR-10b, mai taimakon ƙari ya kutsa nama. Gano wannan ajin na gajeren RNA ya jawo wa Victor Ambros da Gary Ruvkun kyautar Nobel a 2024.

*Dubi:* sankara, ƙari.